Wanzami, Mai Fara Leƙa Bakin Jariri

Ranar suna a Dakoro, kafin hantsi an gama na maza. Liman ya raɗa suna, an shafa fatiha, goro da dabino sun zaga, rago ya sha wuƙa. Daga nan sai ka ga wani ya miƙe daga gefen tabarma, zabira a kafaɗa, ya yi sallama ya shige har ɗakin mai jego, wurin da ba kowane namiji ke taka ƙafa ba. Ba mai tare shi. Wanzamin gidan ke nan. Ubansa ne ya yi wa uban jaririn askin suna, kakansa ya yi wa kakan kaciya, kuma a ƙauyuka da dama har gobe in an yi girbi ana ware masa daminsa na gero.

Sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da riƙon zabira da wasa aska, ya koma aske kan 'yan'uwansa yara, sannan sannu a hankali a sakar masa ƙaho, sakiya, tsaga, kaciya. A cikin gari shagunan masu injin aski sun janye samari, tsagar gado kuma tana ta ja da baya. Amma bi ta Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya, ka gangara kwarin Tarka inda Fulani da Buzaye ke kiwo, za ka tarar aska ba ta yi tsatsa ba. Abin da ya riƙe ta kuwa ba askin kai ba ne. Bakin jariri ne.

Gwaggo ko ungozoma ta rungume yaron, ta tallabe kai. Wanzami ya danne harshe da ɗan icce mai faɗi, ya zura wata ƙaramar aska mai lanƙwasa kamar lauje, ƙiftawa da bismilla ya fito da belu, wanda wasu ke ce wa hakin wuya. A nuna wa tsofaffi ɗan naman, su ce madalla. Wasu gidaje rana ta uku suke yi, wasu sai ran suna. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce daga Gobir har Adar: in an bar shi zai kumbura ya toshe wuya, yaro ya ƙi nono, ya yi ta amai, ya rame. Wani bincike da aka yi a Yamai aka wallafa a 1994 ya gano kusan yaro ɗaya cikin biyar an cire masa belu kafin ya cika shekara biyar, kuma a cikin Hausawa ne aka fi yin sa tun cikin makon haihuwa, ba tare da jiran ciwo ba.

Likitoci sun daɗe suna faɗa da wannan aiki, kuma suna da hujja. Jinin jariri a makon farko ba ya saurin daskarewa, don bitamin K ɗinsa kaɗan ne. Askar da ta shiga baki goma ba a dafa ta ba tana iya ɗauko ciwon hanta ko tetanus mai sandarar da jariri. An san wannan, an faɗe shi a rediyo har an gaji. Wanzami ba ya son jarfa, in ji masu iya magana, shi ya sa da an ɗauko zancen sai kowa ya ja daga. Ni kuwa wani gefen nake so a duba. A ƙauyen da aka haihu a ɗaki, kuma likita ke da tafiyar wuni a amalanke, wanzami ne mutum na farko, wani lokaci ma na ƙarshe, da zai buɗe bakin yaron nan ya leƙa har can ciki da idon wanda ya ga ɗaruruwan irinsa. Uwa ba ta leƙawa. Ungozoma cibiya ce gabanta. To me yake gani, kuma me ya kamata ya gane?

Duk wanda ya yi darasin furucin Hausa ya san rufin baki kashi-kashi ne. Bayan haƙora akwai hanƙa, sai ganɗa mai ƙashi, sai hanɗa mai taushi can baya, wadda belu ke reto a ƙarshenta. Hanɗar nan ƙofa ce. In za ka ce "m" ko "n" sai ta sauka, iska ta bi ta hanci. In za ka ce "b", "d", "k", "s", sai ta ɗaga ta rufe hanyar hanci ruf, iska ta taru a baki ta fashe. Hausa ma ta fi matsa mata, don ɓ da ɗ da ƙ da ts duk sai ƙofar ta rufu sosai suke fita daidai. Haka wajen tsotso: sai baki ya zama rufaffen ɗaki nono yake zuwa.

Rufin nan daga gefe biyu yake tahowa ya haɗe a tsakiya, tsakanin mako na shida da na goma sha biyu na ciki, lokacin da wata matar ma ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. In bai haɗe ba, sai a haifi yaro da tsagewa. A duniya kusan haihuwa ɗaya cikin 700 tana zuwa da tsagewar leɓe ko ta ganɗa ko duka biyun. Ba fitar almuru ce ta jawo ba, ba husufin wata ba, ba kuma abin da uwa ta kalla ta yi dariya ba, duk da dai a kanta ake sauke laifin. Ta leɓe kowa na gani tun ranar haihuwa. Ta ganɗa kaɗai kuwa a ɓoye take, fuska lafiya lau.

Dubi yadda abin ke ɗaurewa. Jaririn da ganɗarsa ke tsage ba ya iya jan nono. Ya kama ya saki, ya yi kuka, ɗan abin da ya samu ya dawo ta hanci. Kwana uku sai kakarsa ta ce ai belu ne, a kira wanzami. Wato yaron da aska ta fi yi wa illa shi ne wanda aka fi gaggawar miƙa mata. An yanke, bai kama nono ba, sai a ce mai jego ce nononta ba kyau, a shiga jiƙe-jiƙe. Wasu irin waɗannan yaran sai a sashen masu tamowa na asibitin Dakoro ake fara haska bakinsu da fitila, bayan sun zama fata da ƙashi. Alhali abin da ake bukata tun ranar farko ba shi da tsada: uwa ta tatsa, a zaunar da yaro a miƙe, a ba shi da cokali ko ɗan kofi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Akwai wadda ta fi wannan ɓuya. Wani yaron fatar rufin bakinsa ta haɗe sumul, amma naman da ke ƙarƙashi, wanda ke ɗaga hanɗa, bai haɗe ba. Wani likitan Ingila mai suna James Calnan ya bayyana alamominta uku a 1954: belu mai kai biyu kamar harshen damo, wani layi mai shara-shara a tsakiyar hanɗa, da ɗan gurbi a ƙarshen ƙashin ganɗa wanda yatsa ke ji. A cikin ukun, ta farko ce mai sauƙin gani, kuma ita ce daidai abin da wanzami ke ɗauke wa ran suna. Gaskiya ne mutane da yawa na da belu mai reshe biyu kuma ba abin da ke damunsu. Gaskiya ne kuma cire belu kaɗai bai cika taɓa maganar lafiyayyen yaro ba. Amma ga wanda ƙofarsa da ma da ƙyar take rufuwa, in aska ta zarce ta ci gefen hanɗa, tabon ya janye ta, to an rage tsawon abin da da ma bai kai ba. An kuma share shaidar da wani zai gani nan gaba ya gane.

Sai shekara biyu, uku. Yaro ya buɗe baki zai ce "baba", a ji "mama". Ya ce "dawo", a ji "nawo". Iska na tsiyaya ta hanci, shi kuma don ya cike gurbin sai ya koma datse sauti a maƙogwaro, magana ta zama gutsi-gutsi wadda uwarsa kaɗai ke fassarawa. A ce nauyin baki ne, zai sake. A ce tsamin baki ne, irin na dangin uba. In an gaji da jira a sake kiran wanzami ya yanke linzami a ƙarƙashin harshe, alhali harshe ba shi da laifi. Ga kunne kuma: naman hanɗa ne ke buɗe 'yar hanyar da ke shigar da iska kunne daga maƙogwaro, don haka irin waɗannan yara ruwa kan taru musu a bayan dodon kunne, ji ya ragu. Wanda bai ji daidai ba, yaya zai faɗa daidai? A makarantar allo a ce ba ya da ƙoƙari, a lakwal a mayar da shi bencin baya, yara su sa masa suna.

Abin kuma bai tsaya ga baki da kunne ba, yakan kai har baya. To ina ruwan baki da gadon baya? Nan ne na ga ilmin ya wuce zabira, amma bai wuce idon mai ita ba. Kusan rabin yaran da aka haifa da tsagewar ganɗa ba tare da ta leɓe ba, tsagewar ba ita kaɗai ta zo ba, reshe ce ta wata lalura da ta taɓa wasu sassan jiki. Wadda ta fi yawa ita ce ɓacewar ɗan yanki daga ƙwayar gado mai lamba 22, da ake dangantawa da sunan likita DiGeorge. Tana samun kusan haihuwa ɗaya cikin 4,000. Masu ita sukan zo da matsalar hanɗa da magana ta hanci, da ciwon zuciya na haihuwa, da yawan laulayi, kuma wajen rabinsu ƙashin bayansu kan karkace kafin su gama girma. Akwai wadda Klippel da Feil suka bayyana a Faransa a 1912, inda ƙasusuwan wuya ke mannewa, yaro ya zo da gajeren wuya, bai iya waiwaye sosai. Akwai kuma ta Loeys da Dietz, da aka gano a 2005, wadda belu mai kai biyu ke cikin manyan alamominta, tare da karkataccen baya da babbar jijiyar zuciya mai saurin buɗewa. A irin wannan yaro ɗan naman da aka jefar ran suna wasiƙa ce da ba a karanta ba.

Kada a ɗauka duk mai karkataccen baya haka ne. Mafi yawan karkacewa a shekarun balaga take fitowa, ta fi kama 'yan mata, ba ruwanta da baki. A ƙasarmu kuma in ka ga doro mai tsini ya taso wa yaro da zazzaɓi da rama, tarin fuka na ƙashi ne abin fara zargi, shi ko yana da magani. Wanda nake nufi shi ne ƙaramin yaro mai magana ta hanci wanda kafaɗarsa ɗaya ta ɗara ɗaya, ko riga ta riƙa zamewa gefe. Karkacewar da ta fara kafin shekara goma ta fi haɗari, don haƙarƙari na matse huhun da bai gama girma ba. Gwajin kuwa ko kuɗin goro ba ya ci: a tuɓe wa yaro riga, ya haɗe ƙafafu ya sunkuya kamar mai ruku'u, a tsaya a bayansa a duba ko gefe ɗaya ya fi tudu. William Adams ya bayyana shi tun 1865. Wa ya kai mai kafa ƙaho sanin bayan mutum? Wa kuma ke ganin yaran unguwa tsirara, jere a kan tabarma, in sanyi ya shigo aka tara su kaciya? Maɗori ba shi da abin yi a nan, ba karaya ba ce. Asibiti ke auna kwanar da hoto, daga digiri 10 ake kiran ta karkacewa, a bi ta da filasta ko rigar roba mai tauri, in ta yi tsanani a yi aiki.

Wurin zuwa akwai, sai dai nisa. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiya tun 1992, ta yara masu cutar noma mai cin fuska, kuma tana karɓar masu tsagewar leɓe da ganɗa. A Yamai asibitin yara na CURE, da aka buɗe a 2010, yana ɗinke leɓe da ganɗa, yana gyaran ƙafa da ƙashi. Ƙetaren iyaka akwai asibitin noma na Sakkwato, tun 1999. Leɓe akan ɗinke shi daga wata uku zuwa shida, ganɗa kuwa tsakanin wata tara da sha takwas, kafin yaro ya saba da gurguwar magana. In an makara ana yi, amma ɗinki ba ya goge sabo. Sai an zauna da yaro ana koya masa inda zai sa leɓe da harshe, sauti bayan sauti, masu wannan aikin kuma a Nijar 'yan ƙalilan ne, galibinsu a babban birni. Tun 2006 doka ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma ba ta biya kuɗin mota ba, ba ta kuma ce wa zai yi noma in uba ya tafi jinya da damina ba.

Saura wuyar da ke kan wanzamin kansa. A ce ya danne harshe, ya haska da fitilar wayarsa, ya ga belu biyu ko rami a rufin baki, ya mayar da aska cikin zabira ya ce: "Inna, wannan ba nawa ba ne, a kai shi likita." Ladan belu ya tafi. Mai yiwuwa tsohuwar ta ce hannunsa ya fara rawa, ta aika ƙauyen gaba a kira wani kafin azahar. Shi ya sa magana da wanzami ɗaya ba ta isa ba, sai an bi ta wajen Sarkin Aska, shugaban wanzamai, wanda in ya ce a bari, na ƙauyen gaban ma zai bari. Sai kuma maigida ya yarda ya ba wanda ya duba bai yanka ba kasonsa na ragon suna cikakke, da goronsa, da daminsa in an yi girbi.