Tramol Ba Guzurin Mai Gudun Famfalaki Ba Ne

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarin Nima da Maamobi, tun daga filin Kawukudi har teburan masu shayi, wadda na gaji da jinta har ta wajabta mini ɗaukar alƙalami, wai duk wanda ya ƙudurci shiga gudun famfalaki, ko a nan Akra ko a can Ikko, ba zai ga ƙarshensa ba sai ya haɗiyi tramol. Gudun dai kilomita 42 ne da mita 195, kuma mai sha'awa yakan shige shi tare da gwanayen Kenya da Habasha, ba don ya riga su ba, sai don ya kammala.

To, jama'a, wannan magana ɓata ce bayyananniya. Ƙarfin da mai gudu ke ci a hanya abinci ne wanda jiki ya taskace a tsoka da hanta, taskar kuwa galibi takan ƙare wajen kilomita 30, inda za ka ga ƙato ya tsaya ƙafafunsa sun ƙi yi masa ɗa'a. Shi kuwa tramol ba ya ƙara ko ƙwayar zarra cikin taskar nan, iyakar aikinsa ya dushe ciwo a ƙwaƙwalwa. Alhali ciwo ɗan aike ne da Allah Maɗaukaki Ya sanya domin ya sanar da bawa cewa jijiya ta kusa tsinkewa ko ƙashi ya soma tsagewa, wanda ya toshe bakinsa kuwa tamkar direba ne da ya ga jar fitila ta kama a gabansa, ya rufe ta da tsumma, ya ci gaba da taka mota. Daɗin daɗawa, ƙwayar tana kawo jiri da amai da gyangyaɗi, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma a zafin bakin teku, inda gumi ba ya bushewa, ruɗewar hankali ita ce alamar cewa zafi ya fara dafa mutum, ina kuwa wanda ya riga ya bugu zai gane ta?

Hukumar abinci da magunguna ta Gana ta amince da mai lamba 50 da mai 100 ne kawai, bisa takardar likita, amma abin da ake sayarwa a lungu ya kai 225. Hukumar duniya mai yaƙi da ƙwaya a wasanni ma ta haramta shi a gasa tun 1 ga Janairun 2024. La'alla mai gardama ya ce haramcin shaida ne cewa yana aiki. Na'am, yana sa mutum ya jure abin da bai kamata ya jure ba, halakar kuwa a nan take. Balle fuƙaha'u sun haramta abin da ke gusar da hankali ba bisa larura ba, jiki kuma amana ne.

Wanda ya yi azama da gaske, sai ya fara da zuwa asibiti a auna jininsa da zuciyarsa, sa'an nan ya ba horo wata huɗu, yana ƙara nisa sannu a hankali, yana hawan tudun Ayi Mensah zuwa Peduase ranar Asabar, har ya gudu kilomita 30 saura mako uku, daga nan ya sassauta. In gasar Ikko ya nufa, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi cikin Fabrairu, ya tuna iyaka uku ce a gabansa, ta Aflao da Lome da Kwatano har Seme, saboda haka ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ya isa saura kwana biyu a fara domin ƙafa ta saki, ya kuma sauka kusa da wurin tashi yadda zai sallaci Asuba cikin natsuwa. Kada ya sa sabon takalmi, kada ya ɗanɗana baƙon abinci. Wanda cikinsa ya saba da waakye da koko ya nemi makamancinsu. Ruwa kuma ya sha gwargwadon ƙishirwa, domin a gasar Boston ta 2002 an sami kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka auna gishirin jininsu ya ragu, galibi saboda yawan sha. In jiri ya kama shi ko ƙirji ya ɗaure, ya tsaya ya nemi ma'aikatan lafiya, ba abin kunya ba ne, gasa tana dawowa baɗi. Allah Ya shiryi samarinmu, amin.