Baƙon Haure a Kasuwar Sabon Gari: Abin da Takarda Ke Yi wa Ɗan Ci-rani

A tsohuwar Hausa, haure shi ne inda ganuwa ta zube har mutane ke tsallakawa ba tare da sun bi ta ƙofa ba, kuma daga nan aka samo sunan baƙon haure, wato wanda ya shiga wata ƙasa ko ya zauna cikinta ba da takardun da dokar shige da fice ta gindaya ba. Sunan ba ya zama daram a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, domin da yawa daga 'yan dako da masu gadi da masu shayi da masu ga-ruwa da ke hidima cikinta da unguwannin Fagge 'yan ci-rani ne daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda ke barin gida bayan kaka su koma idan damina ta gabato. Fagge kanta a da zango ce da ayarin Azbinawa ke sauka tun kafin Turawa su shata iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500 tsakanin Nijeriya da Nijar.

Dokar shige da fice da ke aiki yanzu a Nijeriya ita ce ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, sai kuma yarjejeniyar walwala da ƙungiyar ECOWAS ta ƙulla a Dakar a 1979, wadda ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ƙasar 'yar'uwa ba da biza ba har tsawon kwana 90, muddin yana riƙe da sahihiyar takardar tafiya. Wanda zai zarce haka wajibi ne ya yi rajista ya karɓi katin izinin zama, kuma a nan ne ɗan ci-rani ke faɗawa rami, saboda rani ya fi kwana 90, shi kuwa galibi ta hanyar daji ya shigo, babu hatimin da zai nuna ranar shigarsa.

Abin da doka ke iya yi idan ta farka ya bayyana a 1983. Bayan rikicin Maitatsine na Disamban 1980, wanda Muhammadu Marwa, mutumin Kamaru, ya jagoranta a Kano, zargi ya koma kan baƙi, sannan faɗuwar farashin man fetur ta ƙara wa wutar makamashi. Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya tattara nasa ya nasa, kuma an ƙiyasta mutum kusan miliyan biyu suka fice, kimanin rabinsu 'yan Gana. Jakar leda mai zane-zanen ja da shuɗi da suka cusa kayansu a ciki ita ce har yau ake sayarwa a rumfunan Sabon Gari da sunan Gana-mas-go. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a 1984 ta kuma sake kora a 1985, daidai lokacin fari, shi ya sa talakawan Nijar suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci suna El-Buhari. Irin wannan guguwa ba ta tsayawa kan baƙo kaɗai, tunda a 1980 an tasa ƙeyar Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Cadi bisa da'awar ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa.

Amma kora abu ne na jefi-jefi, kuma illar da ta fi zurfi ta yau da gobe ce. Mai ga-ruwan da ke tura kura cike da jarkoki daga rijiyar burtsatse zuwa layin masu abinci Hausarsa ɗaya da ta maƙwabcinsa, masallacinsu ɗaya, babu mai tambayarsa takarda sai ranar da rigima ta taso. Idan ubangida ya danne masa ladan wata uku na gadi, ko kaya suka ɓace a rumfar da yake kwana a gabanta, ba ya kusantar ofishin 'yan sanda, domin tambayar farko ita ce daga ina yake, sai dai ya kai kuka wurin shugaban 'yan garinsu ko mai unguwa, ya karɓi abin da sulhu ya ba shi. Tun da aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, wanda ba shi da rajista sai ya riƙe layi da asusu da sunan wani, ko ya ɗaure kuɗinsa a lalita ya miƙa wa direban Maraɗi bisa amana. Dokar ba ta hana shi aiki ba, ta dai karya masa farashi, kuma mai cin ribar hakan shi ne wanda ya ɗauke shi.

Haka abin yake ga 'yan Meksiko a Amurka, inda dokar 1986 ta halatta zaman mutum kimanin miliyan 2.7 ta kuma sanya tara kan mai ɗaukar marar takarda aiki, amma gonaki da wuraren gini ba su daina neman su ba. Bambancin shi ne a can fuska da harshe kan tona asirin baƙo, a Kano kuwa jami'i ba ya iya bambance Bakatsinen Jibiya da na Maraɗi.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, abin da ya girgiza ginshiƙin kwana 90 ɗin kansa. Ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su da 'yancin zirga-zirga da zama, amma ta ce har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa, kuma a kan wannan sharaɗi ne maigadin da ke shimfiɗa tabarmarsa a bakin rumfa bayan an tashi kasuwa yake kwana yanzu.