Maganaɗisun da ba ya aiki sai da sanyi

A kan iyakar Faransa da Suwis, dab da birnin Janeba, cibiyar bincike ta CERN tana da wani rami zagayayye a ƙarƙashin ƙasa, mai tsawon kilomita 27. A ciki aka jera manyan maganaɗisu 1232, kowane tsawonsa mita 15. Ba su da wani amfani sai an sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili.

Dalili kuwa yana ga wayar da aka naɗa cikinsu, ta niyobiyom da titaniyom. Idan ta yi irin wannan sanyi, lantarki na bi ta cikinta ba tirjiya, ba ta ɗumi, ba a asarar wuta. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes, ya gano wannan hali a 1911, shekara uku bayan ya mayar da iskar heliyom ruwa.

Ba a kai ga wannan sanyi lokaci guda. Da fari akan yi amfani da ruwan nitirojin, kimanin tan dubu 10, a sauko da heliyom zuwa digiri 193 ƙasa da sifili. Daga nan injuna su yi ta matse shi suna sakinsa har ya zama ruwa, sannan a rage masa matsi ya ƙara sanyi. Aikin makonni ne, kuma heliyom ɗin da ke zagaye ya kai tan 120.

Ranar 19 ga Satumba 2008, haɗin waya guda tsakanin maganaɗisu biyu ya narke. Heliyom kimanin tan 6 ya tsere, aka fitar da maganaɗisu 53 don gyara, aiki bai komo ba sai Nuwamba 2009. Haɗi guda, asarar sama da shekara!

Kada mai karatu ya ce wannan lamarin Turawa ne kawai. Injin hoton cikin jiki na asibiti, wanda ake kira IRM, shi ma maganaɗisunsa cikin ruwan heliyom yake. In wuta ta daɗe a ɗauke, injin sanyin ya tsaya, heliyom ya soma tashi, kuma sai an sayo wani da tsada. Daga iskar gas ake tace shi, ƙasashe kaɗan ne ke sayar da shi da yawa, cikinsu har da Amurka, Katar da maƙwabciyarmu Aljeriya. A 2017 da maƙwabtan Katar suka rufe mata iyaka, masana'antunta na heliyom sun tsaya na makonni, masu saye a duniya kuwa sun ji a jikinsu.