Wurin Karatun Yara Bayan Ƙaura: Abin da Na Gani a Gidan Dare

Manomi in ƙaura ta kama shi, abin da yakan fara ɗaurewa shi ne hatsi da iri da tukwane da fartanya. Littattafan yara kuwa sai a cusa su a bakin buhu, in ma an tuna da su. Ba na ganin laifin kowa a nan, domin wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa ba ya tsayawa lissafin fensir. Amma fa, 'yan'uwa, karatun yaro yakan zube da sauri in aka bar shi wata uku ko huɗu ba ya ganin baƙi. Mun ga haka da idonmu a 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu tun watan Maris har wajen wata shida.

Kwanan baya na ziyarci wani ɗan ƙungiyarmu ta gama kai wanda ya taso daga ƙasar Zuru da iyalinsa, ya kama hayar ɗaki ɗaya a Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato. Yaransa uku ne, babbar mace tana aji biyar na firamare. Sun iso ana tsakiyar zango, ba su kuwa zo da takardar canjin makaranta ba. Ko da na shiga, na tarar da littattafan suna cikin buhun nan, bayan wata biyu. Na ce, "Baba, ina wurin karatun yara?" Ya yi dariya, ya ce, "Malam, wurin kwana ma da ƙyar, balle na karatu."

Gaskiyarsa. A ƙauye akwai zaure, akwai inuwar kuka, akwai bayan rumbu. A gidan haya kuwa tsakar gida ta kowa ce. To, amma wurin karatu ba ɗaki ba ne. Tabarma ɗaya ce, da akwati, da allo, muddin dai kullum a wuri ɗaya ake shimfiɗa ta, a kuma lokaci ɗaya. Muka roƙi mai gidan haya ya bar mana gefen bangon da inuwar dogon yaro ke sauka da safe. Muka samo guntun falanki a wurin kafinta, muka shafe shi da baƙin fenti, muka buga ƙusa. Akwatin ƙarfe na uwargida ya zama ma'ajin littattafai, saboda gara da ɓera da ƙura, murfinsa kuma ya zama tebur. Kada ku raina maganar lokaci. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, yaro ba ya riƙe kome da tsakar rana. Da sanyin safiya ake karatu, sa'an nan a ɗan ƙara bayan cin tuwon dare.

Karatun dare shi ya kawo mu kan maganar na'ura, nan kuwa rigima take. Wayar hannu ɗaya ce a gidan. Ita ce fitila, ita ce rediyo, da ita ake jin labarin gida, ta cikinta kuma ake kiran maigida aikin lebura. In ya fita da ita, gida ya yi duhu. In ya dawo, caji ya ƙare. Wutar lantarki kuwa kun san halinta, ba a yin alkawari da ita.

Shawarar da na ba shi, ita nake ba ku: a fara da fitila, ba da waya ba. Ƙaramin farantin sola mai wat 10 ya isa ya cika fitila da waya ɗaya a yini. A ɗora shi inda inuwa ba ta faɗa masa, a ɗan karkatar da shi ya kalli kudu. Lokacin hunturu ƙura takan rufe fuskarsa ta rage ƙarfinsa, saboda haka a sa yaro guda ya riƙa goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya. Farantin ne ke son rana. Batir da waya ba su so, zafi yana kashe su, sai a ja igiyar zuwa cikin inuwa. Na sha ganin an shanya waya tare da farantin a kan kwano, bayan 'yan watanni batir ya kumbura, a ce kayan ne ba su da kyau.

Bayan fitila sai rediyo, irin ƙaramin nan mai cin katin ajiya. Wasu za su ce rediyo ya tsufa. Su tuna da watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga. Waya ta zama dutse a aljihu, rediyo kuwa yana ta magana. Har wa yau, in an sami wanda ya sauko da darussa daga intanet ya zuba a kati, gida goma za su iya kwafa ba tare da sun sayi data ba. Wannan aiki ne da ya dace da ƙungiya. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi injin feshi ɗaya mu yi ta karɓa-karɓa, haka za mu iya sayen faranti babba da katuna, a ɗora wa mutum ɗaya amanarsu, a rubuta sunan mai ɗauka da ranar mayarwa.

Ita waya kuwa, sai da doka. Muka rubuta a gefen allo: daga an gama cin abinci, rabin sa'a ga kowane yaro, a kan tabarma, gaban uwa ko uba, ba a shiga da ita ƙarƙashin bargo. Da na koma bayan mako biyu, na ga samarin nan biyu sun cinye rabon 'yar'uwarsu, domin lokacin nata ya faɗa daidai da wanke-wanke. Ba wanda ya yi niyyar zaluntarta, amma ita ce za ta shiga aji shida, ita kuma ta fi kowa hasara. Na ce wa uwar, "Mama, a ba ta na farko, kwanuka su jira, ko kuwa maza su wanke." Ta dube ni kamar na yi saɓo, daga baya dai ta yarda da na farkon.

Kada wani ya ɗauka tabarmar nan ta maye gurbin makaranta. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida ta firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne, tilas ne kuma ga kowane yaro, ko daga ina ya zo. In ba ku da takardar canji, ku je da katin sakamako na ƙarshe, ko ma littattafan aikin yaro, ku ga hedimasta da kanku. Abin da muka yi ke nan. An gwada yarinyar a karatu da lissafi, aka karɓe ta a ajinta. Ƙaramin kuwa an mai da shi baya da aji ɗaya, ya yi kuka kwana biyu. Har yanzu ranar da maigida ya sami aiki nesa, wayar takan kwana a waje, sai a yi karatun daren da fitila da allo kaɗai.