Zazzaɓin Yara da Mas'alar Cokali

Zazzaɓi a kan kansa alama ce ta wata cuta da ke ɓoye, don haka likitan ɗakin taimakon gaggawa, idan aka shigo masa da yaro jiki rau kamar garwashi, ko da ma'auni ya nuna zafin ya haura 38, abin da yakan fara bincikawa shi ne ko yaron yana kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko wuyansa ya sanƙare, ko an kira sunansa bai waiwayo ba. Jaririn da bai cika wata 3 ba kuwa, ba a jinkirta lamarinsa ko da yana murmushi. Daga nan a tsaga yatsa a gwada zazzaɓin cizon sauro, a ba da farasitamol gwargwadon nauyin yaro, in cutar ta tsananta a yi allurar artesunate. Wannan aikin ma'abota ilminsa ne.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne cokali. Tsakanin wata 6 da shekara 5 zafin jiki kan jawo wa wasu yara jijjiga, ido ya kakkafe, haƙora su datse, nan take gida ya rikice, wannan tana kara ƙafafun yaro a wuta don ya farka, waccan tana ɗura masa man ja, kaka kuma ta naɗe cokali da tsumma tana cusawa, wai kada ya haɗiye harshensa. Subhanallahi! Wa ya taɓa haɗiye harshensa, alhali Mahalicci Ya ɗaure shi a ƙasan baki? Cokalin nan ba ya da wata fa'ida illa karya haƙori da yaga dasashi, man da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa huhu yake gangarawa, har ya zamana yaron da galibi jijjigarsa za ta lafa da kanta kafin minti 5 ya koma jinyar ƙuna da ciwon huhu, waɗanda hannun masoyansa ya jawo masa. Addu'a kam a yi ta, ba ta hana a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi, a bar bakinsa, a dubi agogo.

Amma fa sanƙarau, wanda dattawan Kano ba su manta da annobarsa ta 1996 ba, da zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, su ma da jijjiga sukan yi sallama, kuma ido ba ya rarrabe su a gida. Ko ta lafa, a saɓi yaro a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.