TSOFAFFIN FASTOCIN SILIMA SUN ZAMA DUKIYA

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun wanda ya yi ƙuruciyarsa a Jos ba zai manta da allunan da ake kafewa a ƙofar gidajen silima irin su Rex da Kwararafa ba. A jikin allunan nan ake manna fasta, watau takardar tallan wasan da za a nuna da dare. In wasan na ban tsoro ne, sai a ga yara sun yi cincirindo suna kallon hoton dodo ko macijiya, alhali ko kuɗin shiga ba su da shi.

A cikin wasannin tsoro na wancan zamani akwai Dracula na kamfanin Hammer na Ingila, wanda Christopher Lee ya fito a ciki a 1958, da The Exorcist na Amurka na 1973. Indiyawa su ma sun yi Nagin a 1976 da Purana Mandir a 1984.

To, waɗannan takardu da a dā ba a ɗauke su a bakin komai ba, yanzu masu tara kayan tarihi suna rububinsu. A 1997 an yi gwanjon fastar The Mummy na 1932 a kan dala 453,500. A 2017 kuma an sayar da ta Dracula na 1931 a Amurka a kan dala 525,800.

Dalilin tsadar shi ne ƙaranci. Ba don ajiya aka buga su ba. Takardar mai araha ce, ana nannaɗe ta a aika tare da faifan fim daga wannan gari zuwa wancan har ta yage, wadda aka manna a bango kuwa rana da ruwa su cinye ta. Wani lokaci ma fastar takan fi wasan tsawon rai. London After Midnight na 1927 ya ɓata tun da kwafinsa na ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobara, amma fastarsa ta tsira, an sayar da ita dala 478,000 a 2014.

Ba na Turawa kaɗai ke da daraja ba. A Gana, cikin shekarun 1980 da 1990, masu yawon nuna bidiyo sukan sa masu zane su zana musu fasta da fenti a jikin buhun fulawa. Yau ana baje kolin waɗannan buhuna a Turai da Amurka.

Jos tana da babban rabo cikin wannan magana, domin nan ne hedkwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979, da makarantarta ta koyon aikin fim, da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa. Amfanin ajiya ya fito fili a 2016, lokacin da aka gano faya-fayan Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018.

Tun da darajar naira ta faɗi bayan 1986, bidiyo kuma ya shiga gidaje, yawancin tsofaffin gidajen silima sun rufe. Abin da ya saura na fastocinsu yana cikin adakar tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu. Ba kowace ce za ta yi kuɗi ba, amma kowace shaida ce ta abin da mutanen gari suka kalla.

Saboda haka wanda ke da ita kada ya bari a ƙunshe ƙosai da ita. A shimfiɗa ta, kada a liƙa mata salatif, a nisanta ta da rana da gara. Wanda ya taho da tasa Kurmi ya yi hattara, gama laimar bakin teku tana sa takarda fumfuna, sanyin Jos ya fi mata lafiya. Hausawa dai sun ce adana ya fi nema wuya.