Keke a Ƙaraye da Rogo: Inda gudu ke ɓacewa, da yadda ake dawo da shi da kuɗi kaɗan

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a karkarar Kano. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura dubu a ƙarshen 2024. Manomin rake a Rogo ko masunci a gefen madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wanda ya jingine babur, yanzu ƙarfin cinyarsa ne man tafiyarsa. To, ina ƙarfin nan yake zurarewa?

Mafi yawansa a taya. An saba ɗura iska har tayar ta yi tauri kamar dutse, a zaton hakan ne gudu. A kan kwalta mai santsi akwai ƙamshin gaskiya, amma a hanyar burji mai gargada tayar da ta cika tauri tsalle take yi, jijjigar ta bi ta jikin mahayi ta cinye ƙarfinsa. Wannan ne ya sa 'yan tseren Tour de France a Faransa suka bar taya mai faɗin milimita 23 suka koma 28 zuwa sama, da sassaucin iska. Abin dariyar shi ne, tsohon Phoenix ko Raleigh na ƙauye tayarsa ta fi tasu faɗi tuntuni. A rage iskar kaɗan, amma kada ta kai ƙarfe yana dukan dutse, musamman in an ɗora buhu.

Sai sirdi, wanda gyaransa sifana kawai yake buƙata. Matasa da yawa na tuƙi gwiwa a lanƙwashe, shi ne mafarin ciwon gwiwa. A ɗaga shi har ƙafa ta miƙe idan an ɗora diddige a kan feda tana ƙasa.

Sarƙa kuwa, baƙin man da ake zuba mata yana kama ƙurar hunturu ya zama kamar yashi, yana cin haƙoran ƙarfe. A wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge saura.

Akwai abin da mai faci ba zai iya gyarawa ba: ramukan hanya. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni suna cikin ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura masu kuɗinsu kai tsaye.